Montagu Norman

Montagu Collet Norman (6 ga Satumba 1871 – 4 ga Fabrairu 1950) ma'aikacin banki ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya riƙe muƙamin gwamnan Babban Bankin Ingila daga shekarar 1920 zuwa 1944. Shi ne gwamnan da ya fi kowa daɗewa a kan wannan kujera a tarihin bankin. An fi saninsa da rawar da ya taka wajen mayar da fam na Ingila kan ma'aunin zinare a shekarar 1925 bisa tsohon farashinsa na dala 4.86, matakin da masana tattalin arziki ke muhawara a kansa har yau. A zamaninsa ne kuma Birtaniya ta fice daga wannan tsari a shekarar 1931. Saboda haka tarihin rayuwarsa a haɗe yake da tarihin canji tsakanin fam da dalar Amurka a shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Farkon rayuwa da ilimi

An haifi Norman a birnin Landan, cikin gidan da ya gaji aikin banki ta ɓangaren uwa da uba. Mahaifinsa, Frederick Henry Norman, yana cikin masu hannun jari a bankin Martins. Kakansa na wajen uba, George Warde Norman, ya shafe kusan shekara hamsin yana cikin daraktocin Babban Bankin Ingila. Kakansa na wajen uwa kuwa, Sir Mark Collet, ya yi gwamnan bankin daga 1887 zuwa 1889. Ƙanensa Ronald Norman ya zama shugaban hukumar gudanarwar BBC daga baya.

Ya yi karatu a makarantar Eton, sannan ya shiga King's College a Jami'ar Cambridge, amma shekara ɗaya kawai ya yi ya fita ba tare da ya karɓi digiri ba. Daga nan ya zauna na wani lokaci a Jamus da Suwizalan, inda ya koyi harsuna. Zaman da ya yi a Jamus ya sa masa ƙaunar ƙasar da mutanenta, abin da ya yi tasiri a kan ayyukansa daga baya.

Fara aiki

Ya fara aiki a bankin Martins a 1892. Bayan shekara biyu ya koma kamfanin Brown Shipley, wanda ke da alaƙa da kamfanin Brown Brothers na New York. Wannan ya ba shi damar zama a Amurka na wasu shekaru, ya ga yadda hada-hadar kuɗi ke gudana tsakanin Landan da New York. A 1900 ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. A wannan shekara ya tafi Afirka ta Kudu a matsayin hafsan soja a yaƙin Boer, inda ya samu lambar yabo ta DSO, kafin rashin lafiya ta dawo da shi gida.

An zaɓe shi darakta a Babban Bankin Ingila a 1907. Norman mutum ne mai yawan fama da rashin lafiya da matsananciyar damuwa, har a 1913 ya je Suwizalan ya ga likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung. Ya bar Brown Shipley a 1915, ya duƙufa ga aikin babban banki a lokacin yaƙi. Ya zama mataimakin gwamna a 1918, sannan gwamna a 1920. A al'adar bankin, gwamna shekara biyu yake yi ya sauka, amma shi aka yi ta sabunta zaɓensa har tsawon shekara 24.

Asalin farashin dala 4.86

Kafin yaƙin duniya na ɗaya, ba ciniki a kasuwa ne ke tsayar da farashin fam da dala ba. Kowace ƙasa ta ayyana a doka yawan zinaren da ke cikin kuɗinta, kuma tana shirye ta ba da zinare ga duk wanda ya kawo takardar kuɗi. Tsabar fam ɗaya ta zinare tana ɗauke da kimanin giram 7.32 na tsantsar zinare, dala ɗaya kuma tana daidai da kimanin giram 1.505. In aka raba na farko da na biyu, sai a samu 4.86 da 'yan kai. Wannan shi ne asalin farashin, wato lissafi ne na nauyin ƙarfe.

Farashin kasuwa yakan ɗan motsa sama ko ƙasa, amma ba ya nisa. Da zarar fam ya yi araha fiye da kima a New York, sai 'yan kasuwa su ga ya fi musu riba su karɓi zinare a Landan su yi jigilarsa ta jirgin ruwa. Kuɗin jirgi da na inshora su ne iyakar tazarar. Idan zinare ya fara fita daga ƙasa, babban banki sai ya ɗaga kuɗin ruwa domin ya jawo kuɗi daga waje. Birtaniya ta bi wannan tsari tun 1821, Amurka kuma tun 1879, ta kuma tabbatar da shi da doka a 1900.

Yaƙin 1914 ya rusa wannan daidaito. Birtaniya ta ci bashi mai yawa a Amurka don sayen makamai da abinci. Daga 1916 gwamnati ta riƙe fam a kan kimanin dala 4.76 ta hanyar sayen fam da dalolin da ta ranto, kamfanin J.P. Morgan yana yi mata wakilci. Da aka janye wannan tallafi a Maris 1919, fam ya yi ta faɗuwa har ya kai kusan dala 3.20 a Fabrairu 1920. A cikin wannan hali ne Norman ya karɓi ragamar bankin.

Komawa kan zinare a 1925

Tun a 1918 kwamitin Cunliffe ya ba gwamnati shawarar a koma kan zinare bisa tsohon farashi, kuma Norman ya ɗauki wannan a matsayin babban aikinsa. A ganinsa, mutuncin Landan a matsayin cibiyar kuɗi ta duniya ya dogara ne a kan cika alkawari: wanda ya ba Birtaniya bashi da fam mai darajar dala 4.86, da irinsa ya kamata a biya shi. Ya kuma yi imani cewa zinare ne kaɗai takunkumin da zai hana 'yan siyasa buga kuɗi barkatai. Abin da ya faru a Jamus ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, domin a Nuwamba 1923 sai da dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2.

Hanyar ɗaga darajar fam ita ce tsuke bakin aljihu. A Afrilu 1920 an ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 7 cikin ɗari. Farashin kaya ya sauka, fam ya farfaɗo, amma masana'antu suka shiga mawuyacin hali, marasa aikin yi suka haura miliyan ɗaya. A Janairu 1923 Norman ya raka ministan kuɗi Stanley Baldwin zuwa Washington, inda aka amince Birtaniya ta biya bashin yaƙi na kimanin dala biliyan 4.6 cikin shekara 62. A 1924 fam yana kusan dala 4.40. Da 'yan kasuwa suka fahimci cewa komawa kan zinare ta kusa, sai suka yi ta sayen fam, ya matso kusa da tsohon farashinsa.

Dokar da ta hana fitar da zinare daga ƙasar za ta ƙare ne a ƙarshen 1925, don haka dole gwamnati ta yanke hukunci. Sabon ministan kuɗi, Winston Churchill, ya nuna shakku, ya nemi Norman da manyan jami'an baitulmali irin su Otto Niemeyer su kare matsayinsu a rubuce. A ƙarshe ya bi shawararsu. A ranar 28 ga Afrilu 1925 ya sanar da majalisa cewa fam ya koma kan zinare. Norman ya riga ya shirya bashin ko-ta-kwana na dala miliyan 200 daga babban bankin New York, gwamnati kuma ta samu na dala miliyan 100 daga J.P. Morgan. Sabon tsarin ya bambanta da na da: ba a dawo da tsabar zinare hannun jama'a ba, banki yana sayar da zinare ne a dunƙule, sanda ɗaya mai nauyin oza 400, wadda sai manyan attajirai da bankuna ke iya saya.

Suka da sakamako

Babban wanda ya soki matakin shi ne masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, a cikin ƙasidarsa ta 1925 mai suna The Economic Consequences of Mr. Churchill. Hujjarsa ita ce an ɗora wa fam daraja fiye da ta gaskiya da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Misali, kayan Ingila na fam ɗaya da Ba'amurke ke saya a kan dala 4.40, yanzu sai ya biya dala 4.86, alhali kayan bai canza ba. Mai masana'anta da ke son ya riƙe kasuwarsa ta waje dole ya rage farashi, kuma ba zai iya ba sai ya rage albashin ma'aikata.

Ma'aikatan haƙar kwal ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Masu ma'adinan sun nemi rage albashi da ƙara sa'o'in aiki, rikicin da ya kai ga yajin aikin gama-gari na kwana tara a Mayu 1926. Su mahaƙan sun ci gaba da zama a gida har wajen Nuwamba, kafin yunwa ta tilasta musu komawa bisa sharuɗɗan masu gida. Masana'antun auduga, ƙarfe da ƙera jiragen ruwa su ma ba su farfaɗo ba. Tilas Norman ya riƙe kuɗin ruwa a sama domin kada zinare ya gudu, a daidai lokacin da masana'antu ke buƙatar bashi mai sauƙi.

Masu kare shi suna cewa matsalar waɗannan masana'antu ta girmi 1925, domin sun riga sun rasa kasuwanninsu a lokacin yaƙi, kuma kusan duk masana da 'yan siyasar lokacin sun goyi bayan komawar. Sun ƙara da cewa wasu ƙasashe ne suka dagula lissafin. Faransa, alal misali, ta tsayar da kuɗinta a ƙarshen 1926 a kan kimanin faran 124 ga fam ɗaya, alhali kafin yaƙi faran 25 ne. Wannan araha ta sa kayan Faransa suka samu kasuwa, zinare kuma ya yi ta kwarara zuwa Paris.

Hulɗa da sauran manyan bankuna

Norman yana da ra'ayin cewa kowace ƙasa ta mallaki babban banki mai cin gashin kansa, kuma gwamnonin bankunan su riƙa shawara da juna ba tare da sa bakin 'yan siyasa ba. Ya taimaka wajen shirya bashin da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin ta tsara don ceto kuɗin Austriya a 1923 da na Hungary a 1924, ya kuma goyi bayan shirin Dawes na 1924 wanda ya sake tsara diyyar yaƙin da Jamus ke biya. Ya ƙarfafa kafa manyan bankuna a ƙasashen daular Birtaniya, kamar Afirka ta Kudu, New Zealand, Kanada da Indiya. Yana cikin waɗanda suka kafa bankin daidaita biyan kuɗi tsakanin ƙasashe, wato BIS, a birnin Basel a 1930.

Babban amininsa shi ne Benjamin Strong, gwamnan babban bankin New York. A Yuli 1927 su biyun suka gana a Long Island tare da Hjalmar Schacht na Jamus da Charles Rist na Faransa. Bayan taron, Amurka ta rage kuɗin ruwanta daga kashi 4 zuwa 3.5 cikin ɗari, abin da ya rage matsin da ke kan fam. Wasu masana na ganin wannan ragi ya ƙara rura wutar cacar hannun jari da ta ƙare da rushewar kasuwar New York a Oktoba 1929, wasu kuma na ganin tasirinsa bai kai haka ba. Strong ya rasu a Oktoba 1928, Norman ya rasa abokin da ya fi dogara da shi. Tsakaninsa da gwamnan bankin Faransa, Émile Moreau, kuwa ba a taɓa jituwa sosai ba, domin Faransawa na zargin yana son mayar da Turai ƙarƙashin ikon kuɗin Landan.

Rikicin 1931

A Mayu 1931 bankin Creditanstalt, mafi girma a Austriya, ya durƙushe. Norman ya ba Austriya bashin gaggawa, amma firgicin ya bazu zuwa Jamus, inda bankin Danat ya rufe a Yuli. Bankunan Landan suna da kuɗi masu yawa da suka maƙale a Jamus, don haka masu ajiya na ƙasashen waje suka fara kwashe kuɗinsu daga Landan. A ƙarshen Yuli wani rahoton kwamitin gwamnati ya yi hasashen giɓin fam miliyan 120 a kasafin kuɗi, abin da ya ƙara tsoratar da kasuwa.

A daidai wannan lokaci jikin Norman ya gaza. Ya kwanta rashin lafiya a ƙarshen Yuli, a Agusta kuma ya tafi Kanada hutawa, ya bar bankin a hannun mataimakinsa Ernest Harvey. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta rabu biyu kan batun rage kuɗin tallafin marasa aiki, ta faɗi a ranar 24 ga Agusta, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Ramsay MacDonald. Basussukan da aka samo daga New York da Paris sun ƙare cikin 'yan makonni. A tsakiyar Satumba sojojin ruwa a Invergordon suka ƙi aiki saboda rage musu albashi, labarin ya ƙara saurin ficewar zinare. A ranar 21 ga Satumba 1931 Birtaniya ta dakatar da biyan zinare. Norman yana cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta dawowa lokacin da aka yanke hukuncin.

Kafin ƙarshen shekarar fam ya faɗi ƙasa da dala 3.50. Masifar da aka yi ta tsoro, wato hauhawar farashi irin ta Jamus, ba ta zo ba. Maimakon haka, an samu damar rage kuɗin ruwa zuwa kashi 2 cikin ɗari a Yuni 1932, gine-ginen gidaje suka bunƙasa, tattalin arzikin Birtaniya ya fara farfaɗowa kafin na ƙasashen da suka nace wa zinare, irin su Faransa. A 1932 gwamnati ta kafa asusu na musamman don daidaita farashin canji. Baitulmali ne ke da asusun, banki yana gudanar da shi kawai, alamar cewa iko ya fara komawa hannun gwamnati. Da Amurka ita ma ta bar tsohon farashin zinare, ta ɗaga shi daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowace oza a Janairu 1934, fam ya haura dala 5 na ɗan lokaci.

Waɗannan sauye-sauye ba su tsaya a Birtaniya ba. Ƙasashen da kuɗinsu ke ɗaure da fam sun tashi tare da shi, sun faɗi tare da shi. Cikinsu har da Najeriya, Gold Coast, Saliyo da Gambiya, waɗanda tun 1912 hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da ke Landan ke kula da kuɗinsu, fam ɗinsu kuma daidai yake da na Ingila. Ke nan darajar fam da sule da kwabon da manomin gyaɗa ya karɓa a Kano, in an auna ta da dala, a Landan ake yanke ta.

Dangantaka da Jamus da zinaren Cekoslobakiya

Abotar Norman da Schacht ta ci gaba bayan da Schacht ya karɓi aiki a gwamnatin Hitler. A Janairu 1939 Norman ya je Berlin bikin baftismar jikan Schacht, wanda aka sa wa sunansa. A Maris na wannan shekara, bayan sojojin Jamus sun mamaye Prague, an tilasta wa jami'an babban bankin Cekoslobakiya su ba da umarnin mayar da zinarensu zuwa asusun babban bankin Jamus. Zinaren, mai darajar kimanin fam miliyan 5.6, yana ajiye ne a Babban Bankin Ingila da sunan BIS. Bankin ya aiwatar da umarnin, bisa hujjar cewa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana shi tsoma baki a asusun BIS. Lamarin ya jawo zazzafar suka a majalisa, kuma har yau yana cikin abubuwan da suka fi ɓata sunan Norman.

Halayensa da rayuwar iyali

Norman mutum ne mai son sirri. Yana da ɗan gemu mai tsini, yana sa hula mai faɗin baki, har mutane kan ce ya fi kama da mai zane fiye da ma'aikacin banki. Yakan yi tafiye-tafiye da sunan aro na Skinner don guje wa 'yan jarida, abin da ya ƙara jawo hankalinsu gare shi. Bai ƙware wajen bayyana dalilansa a bainar jama'a ba. Wannan ya fito fili a 1930 lokacin da ya ba da bahasi gaban kwamitin Macmillan, inda Keynes ya yi masa tambayoyi, amsoshinsa kuma ba su gamsar da mutane da yawa ba.

A cikin gida ya sauya fasalin bankin. Ya same shi a hannun 'yan kasuwa masu zuwa aiki na wucin gadi, ya bar shi da ƙwararrun ma'aikata na dindindin da masu ba da shawara. A zamaninsa aka sake gina hedikwatar bankin a titin Threadneedle bisa zanen Herbert Baker. Bai yi aure ba sai a 1933, yana da shekara 61, lokacin da ya auri Priscilla Reyntiens, 'yar majalisar gundumar Landan. Ba su haihu ba, amma tana da 'ya'ya maza biyu daga aurenta na farko, ɗaya daga cikinsu shi ne ɗan jarida Peregrine Worsthorne.

Ritaya da mutuwa

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta sa dokar taƙaita canjin kuɗi, aka tsayar da fam a kan dala 4.03. Norman ya kula da aiwatar da wannan tsari har zuwa farkon 1944, lokacin da tsananin rashin lafiya ya sa ya yi murabus, Lord Catto ya gaje shi. A wannan shekara aka ba shi sarautar Baron Norman na St Clere. Bai halarci taron Bretton Woods na Yuli 1944 ba, inda aka tsara sabon tsarin canjin kuɗi na duniya da ya ɗora dala a tsakiya. Keynes, tsohon mai sukarsa, shi ne ya jagoranci tawagar Birtaniya.

Ya rayu har ya ga gwamnati ta karɓe mallakar bankin a Maris 1946, ya kuma ga an karya darajar fam zuwa dala 2.80 a Satumba 1949. Ya rasu a gidansa na Thorpe Lodge da ke Landan a ranar 4 ga Fabrairu 1950, yana da shekara 78. Da yake bai bar magaji ba, sarautarsa ta ƙare da mutuwarsa.

Tasirinsa

Bayan rasuwarsa fam ya ci gaba da sauka: dala 2.40 a Nuwamba 1967, sannan a Yuni 1972 aka sake shi kasuwa ta yanke farashinsa, har ya kusa zama daidai da dala ɗaya a Fabrairu 1985. Yawancin masana tarihin tattalin arziki a yau sun fi karkata ga ra'ayin cewa farashin dala 4.86 ya yi wa Birtaniya ta 1925 nauyi, kuma ana yawan kawo shi a matsayin misalin abin da ke faruwa idan ƙasa ta kare darajar kuɗinta fiye da ƙarfin tattalin arzikinta. A ɗaya ɓangaren, wasu manufofin da ya yi wa hidima sun ɗore. BIS na nan a Basel, gwamnonin manyan bankuna na ci gaba da taruwa a can, kuma a 1997 gwamnatin Birtaniya ta ba Babban Bankin Ingila 'yancin yanke kuɗin ruwa da kansa.